Gudu a Teku, Jira a Apapa

Ina ɗan shekara goma sha shida kawuna ya ɗauke ni a tirelarsa, muka taso daga Legas da lodin tayil za mu Jos. Da asubar kwana na uku, mun baro Akwanga, wata tirela ta taho a guje ta wuce mu, salansarta na aman baƙin hayaƙi, yaron motar har yana ɗaga mana hannu. Kawu bai ce uffan ba. Tun daga gindin Hawan Kibo ya mayar da giya ƙasa, ya ɗora ƙafa kan totur kamar mai taka ƙwai, mota na nishi tana jan jiki. A tsakiyar hawan muka tarar da mutumin namu ya tsaya cak, inji ya yi zafi, yaron nan mai ɗaga hannu yana gudu da katako zai tokare taya kada mota ta koma da baya.

"Ka gani ko, ɗana?" in ji Kawu. "Ya ƙone gas ɗinsa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ga shi nan zai wuni. Ƙafar direba ce ke shan mai, inji abin da aka ba shi yake haɗiyewa."

Maganar nan ta dawo mini tun da na fara bibiyar cacar bakin da ake yi a duniya kan man da manyan jiragen ruwa na dakon kaya ke ƙonawa. Na san wani zai ce me ya haɗa mutumin Jos da teku, mu da ko kogin kirki ba mu da shi, sai Dilimi da kududdufan da masu haƙar kuza suka bar mana. To, kamfanin da ya fi kowane yawan jiragen kwantena a duniya, wato MSC, hedkwatarsa na Janiba ne, a Suwizalan, ƙasar da teku bai taɓa ta ko ta gefe ɗaya ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa suke bi. Alkamar burodin da mai shayi ke yanka maka a Terminus ta ruwa ta zo. Haka daskararren kifi, da babur, da maganin feshin da manomin dankali ke saye a Bokkos. Cittar Kudancin Kaduna da riɗin Nasarawa su ma ta ruwa suke fita. Duk abin da ya taɓa kuɗin man jirgi, komai daren daɗewa, sai ya iso kasuwar Katako.

Babban jirgin kwantena idan ya saki gudu yana iya ƙona sama da tan 150 na mai a rana guda. Ka ƙaddara tankokin nan masu lita 33,000 guda huɗu ko biyar, a shanye su tsakanin asuba da asuba. Kuma yawanci ba gas irin na tirela ba ne, baƙin mai ne, dagwalon da ke saura a matata bayan an cire fetur da kananzir da gas, mai kauri kamar kwalta, sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya bi bututu. Kowane tan ɗaya da aka ƙona yana sakin tan uku da 'yan kai na iskar kabon. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin ruwa, IMO, da ke Landan, ta fitar da bincike a 2020 wanda ya nuna cewa a 2018 jiragen ruwa sun saki tan miliyan 1,076 na iskar da ke ɗumama duniya, kusan kashi 3 cikin 100 na duk abin da ɗan Adam ya saki. Ya fi na Jamus duk da masana'antunta.

Amma a yi wa jirgin ruwa adalci. Idan aka raba hayaƙin nan a kan kowane tan na kaya da kowace kilomita, babu abin dakon da ya kai shi tsimi. Tirela tana ninka shi sau da yawa, jirgin sama kuwa ba a ma maganarsa. Yawan kayan da nisan tafiyar ne suka sa jimillar ta yi girma. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa idan mun iso kan tudu.

Abin da Kawu ya sani da ƙafarsa, injiniyoyin jirgi sun san shi da lissafi, kuma a ruwa ya fi tsanani. Ruwa yana turjiya. Duk ɗan ƙarin gudu, ƙarfin da inji ke buƙata ba a hankali yake hawa ba, tsalle yake yi. Idan jirgi ya rage gudunsa da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da ake buƙata yana sauka da kusan kashi 27. Tafiyar za ta ƙara kwanaki, don haka idan aka haɗa lissafin daga tashi zuwa sauka, man da aka tsira da shi yana kai wa kusan kashi 19. Ba a sayi sabon inji ba, ba a ƙirƙiro komai ba, an ɗaga ƙafa ne kawai. Kamfanoni sun gano haka a 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 sannan kasuwar duniya ta ruguje. Jiragen da aka ƙera don gudun kilomita 45 a awa suka koma 33, wasu ma ƙasa da haka. Ba tausayin duniya ya sa su ba, aljihu ne ya yi musu wa'azi, kuma wa'azin ya shige su, domin har yau ba su koma wancan gudun ba.

Sannu ba ta hana zuwa, amma ɗan kasuwa zai tuna maka ƙarashen karin maganar: sai dai a daɗe ba a je ba. Yana da gaskiya. Wanda ya ci bashin banki ya yi odar kaya daga Guwanzu, kowace rana da kayansa suka ƙara a kan ruwa kuɗin ruwa na hawa kansa, ga Naira ba ta da tabbas, farashin da ya lissafa ranar lodi ba shi zai tarar ranar sauke kaya ba. Ban raina wannan kuka ba. Sai dai ina so mu tambayi kanmu inda kwanakin ke salwanta a zahiri. Kwana huɗu ko biyar da rage gudu zai ƙara wa tafiya, me ya kama kusa da makonnin da kaya ke yi a bakin tasharmu?

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Akwai wata ɗabi'a a harkar jiragen ruwa, musamman masu dakon hatsi da mai: a yi ta zabga gudu a teku, a iso bakin tasha, a saki anga a zauna jira. Dalilinta ba boyayye ba ne. Tashoshi da yawa layi suke bi, wanda ya riga isowa shi ke riga shiga, kamar motocin haya a tasha. Yarjejeniyar hayar jirgi kuma sau da yawa tana tilasta wa kyaftin ya yi sauri, sannan idan ya iso aka bar shi yana jira, mai kaya ne zai biya kuɗin jinkiri, wanda 'yan kasuwa ke kira dimorej. Ka ga mai jirgi ba shi da asara a jira, wani lokacin ma riba yake ci. Man da aka ƙona wajen gudun ya tafi a banza, ga janaretocin jirgi ba sa mutuwa ko yana tsaye, domin akwai fitilu, akwai kwantenonin sanyi, akwai mutane a ciki. Sauri ya haifi nawa, irin na direban Hawan Kibo, sai dai shi wannan ana biyansa ladan tsayuwar.

Wanda ya san Apapa wajen 2019 da 2020 ya san abin da nake faɗa. Jirage sun riƙa yin makonni a gaɓar Legas kafin su sami wurin sauke kaya, har kamfanoni suka ƙaƙaba kuɗin cunkoso a kan kowace kwantena. A kan tudu kuma tireloli sun mayar da gadoji gidajen kwana. Kawu, kafin ya ajiye tuƙi, ya taɓa yin kwana goma sha tara a layi, yana wanka da ruwan leda a gindin mota, yana tayar da inji duk bayan 'yan awoyi don ya matsa taku goma. An kawo tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a Fabrairun 2021, an buɗe tashar Lekki mai zurfin mita 16.5 a 2023, kuma ba zan yi ƙarya ba, an sami sauƙi. Amma sauƙi daban, tsari daban. Tsari shi ne tun jirgi yana wajen Afirka ta Kudu a gaya wa kyaftin cewa gurbinsa ranar Laraba ne da ƙarfe goma, ya daidaita gudunsa ya iso a kan kari, ya kuma tarar gurbin babu kowa. Wannan ba ya buƙatar wata fasaha daga sama. Yana buƙatar kwastan da ma'aikatan tasha da masu injin ɗaga kaya su cika alkawarin lokaci, su daina riƙe takarda don a zo a gan su.

Akwai wani ƙarin dalili da bai kamata ya wuce mu ba. Tun Janairun 2023 IMO ke ba manyan jirage maki duk shekara, daga A zuwa E, bisa hayaƙin da suka fitar a kan nisan da suka yi. Wanda ya sami D shekara uku a jere, ko E sau ɗaya, dole ya kawo tsarin gyara. Jirgin da ke zaune a kan anga yana ƙona mai ba ya cin kilomita ko ɗaya, makinsa lalacewa yake yi. Idan ni ne mai jirage, ina da sabo mai tsimin mai ina da tsoho, wanne zan tura tashar da ake shanya mutane? A ganina amsar a fili take. Mun saba karɓar gwanjon motoci da gwanjon firji, kada mu wayi gari gwanjon jirage ne kaɗai ke zuwa mana, muna biyan kuɗin man da suke zuƙa.

Sauran dabarun tsimin ba su da wuyar ganewa. Gindin jirgi idan ya daɗe a ruwa gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo kan manne masa, ya zama kamar mota mai tafiya da taya ba iska, don haka ake kankare shi, a goge farfela. Wasu jiragen suna hura kumfar iska a ƙarƙashinsu don su riƙa sulɓewa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne komawa ga iska. A Agustan 2023 wani jirgin dakon kaya mai suna Pyxis Ocean, wanda kamfanin Cargill ya yi haya, ya fita teku da fukafukai biyu a tsaye a bayansa, kowanne tsawon mita 37.5, iska na tura shi inji na hutawa kaɗan. Bayan shekara ɗari da wani abu ana taƙama da inji, an dawo ana roƙon abin da kakannin matuƙa suka dogara da shi.

Sabon mai kuwa shi ne babbar rigimar. A Satumban 2023 kamfanin Maersk na Denmak ya ƙaddamar da Laura Maersk, jirgin kwantena na farko mai iya aiki da sinadarin metanol. Wasu na maganar amoniya, wadda guba ce idan ta tsiyaya. Wasu sun koma iskar gas irin wadda muke fitarwa daga Bonny, tana rage hayaƙi, amma idan ta sulale ba ta ƙone ba ta fi kabon ɗumama duniya. Duk wanda aka ce mai tsabta ne na gaske a cikinsu ya fi baƙin mai tsada nesa ba kusa ba, kuma babu isasshe a kasuwa. Babu mai jirgin da zai saye shi don Allah alhali abokin gasarsa na ƙona mai araha. Dalilin da ya sa aka zo maganar sanya wa hayaƙi farashi ke nan.

A Yulin 2023 ƙasashen IMO suka amince a kai hayaƙin jiragen ruwa matakin babu nan da wajen 2050. A Afrilun 2025 aka tsara yadda za a yi: jirgin da hayaƙin mansa ya wuce ƙa'ida zai biya dala 100 ko dala 380 a kan kowane tan na rarar hayaƙi, gwargwadon yadda ya zarce, kuɗin su shiga asusu guda na duniya. Da aka zo tabbatar da shi a Oktoban 2025, Amurka ta fito fili ta yi barazanar hana biza da ɗora haraji kan ƙasashen da suka goyi baya, Saudiyya ta kawo shawarar a ɗage, aka kaɗa ƙuri'a 57 da 49, aka ɗage na shekara guda. Na ji mutane a nan gida suna cewa Allah ya raba mu da wani sabon harajin Turawa. Na fahimci inda suka dosa. Mu da muke sayo alkama daga waje, muke nesa da manyan kasuwanni, muke sayar da kaya masu nauyi marasa tsada, ƙarin kuɗin dako ya fi yi mana ciwo fiye da mai sayar da wayar salula. Ga shi kuma ba mu muka cika sararin sama da hayaƙi ba.

Amma bari in ba ku labarin maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da injinan mota na hannu, irin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Wata rana bayan sallar la'asar ya miƙo mini wayarsa, ejan ɗinsa na Legas ya turo masa takardar kuɗin dako.

"Malam, kai da ka yi boko, duba mini wannan layin na ƙasa. Da can babu shi."

Na duba. Na ce, "Alhaji, kuɗin hayaƙi ne na Tarayyar Turai."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Hayaƙi? Ni da injinan nan ko tayar da su ban yi ba?"

Na yi masa bayanin abin da na sani. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ta shigar da manyan jiragen ruwa cikin kasuwarta ta takardun izinin fitar da hayaƙi. Jirgin da ya taso daga Antwaf ta Beljiyam zuwa Legas, ana lissafa masa rabin hayaƙin tafiyar. An fara da biyan kashi 40 cikin 100 na abin da aka lissafa a 2024, sai 70 a 2025, daga 2026 kuma duka. Kamfanonin jirage ba su ɓoye ba, sun mayar da shi layi a takardar mai kaya. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To kuɗin ina suke zuwa?" Na ce baitulmalin ƙasashen Turai da asusun Tarayyarsu. Ya mayar da wayar aljihu ya ce shi ba zai yi asara ba, zai ɗora a kan kowane inji. Bakanike zai ɗora wa mai tasi, mai tasi ya ɗora wa matar da ke hawa daga Terminus zuwa Bukuru.

Saboda haka ban ga abin murna a ɗagewar Landan ba. Harajin da muke gudu mun riga mun fara biyansa, kuma a wanda muke biya ba mu da kujera, ba mu da kaso. Tsarin IMO, duk da naƙasunsa, asusunsa na kowa ne, kuma an rubuta cewa wani ɓangare zai tafi ga taimakon ƙasashe masu tasowa da rage illar tsarin ga wadatar abinci. An yi gudun gara an faɗa wa zago. Inda ya kamata wakilanmu su kafe shi ne wajen rabon. An fi ambaton ƙananan tsibirai da ƙasashe mafi talauci, kuma Najeriya ba ta cikin ko ɗaya daga jerin biyun nan a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan ba mu buɗe baki ba, za mu zuba adashi a kwashe ba mu. Tun 2023 muna da ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Ina so in ji ta tana faɗin adadi: kaza muke so don yashe tashoshi, kaza don jawo wutar lantarki bakin gurbi yadda jirgi zai kashe janaretonsa, kaza don dogo.

Dogo na ce, domin a nan ne maganar da na ce a riƙe ta dawo. Kwantenar da ta ratso teku daga Sin a kan abin dakon da ya fi kowane tsimi, idan ta sauka Legas sai a ɗora ta a kan tsohuwar tirela ta yi kusan kilomita 1,000 zuwa Jos, cikin ramuka da shingaye, ta ƙare da Hawan Kibo. Sau da yawa kuma ta koma fanko, alhali dankali da kabeji na ruɓewa a Farin Gada. Ba mu da jiragen da za mu gyara, kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da aka kafa a 1959 an rufe shi tun 1995. Amma wannan ɓangaren tafiyar namu ne ɗungurungum, babu wanda zai ce sai an kaɗa ƙuri'a a Landan.

Abin haushin shi ne mun taɓa yi. Dogo ya iso Jos daga Kafanchan a 1927, kuza na bin sa har Fatakwal ta shiga jirgi. Kusan shekara ɗari da suka wuce tan ɗin kaya daga Filato ya fi na yau sauƙin isa teku. A 2006 aka ba da kwangilar tashoshin sauke kwantena na kan tudu guda shida, har da ta Heipang a nan kusa da filin jirgin sama. An buɗe wata daban a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Ta Heipang shekaru suka yi ta wucewa ana zuwa duba ta. An ƙaddamar da gyaran layin dogo na gabas daga Fatakwal zuwa Maiduguri a Maris na 2021, wanda shi ne zai ba ta rai, an kammala guntun Fatakwal zuwa Aba. Tashar kan tudu da babu dogo, gareji ce mai katanga.

Kwanan baya na je gaishe da Kawu a Gangare, ido ya fara ba shi matsala, yana zaune a zaure da rediyonsa. Na ba shi labarin jirgin nan mai fukafukai, ya yi dariya har da tari, ya ce Bature ba ya rasa abin yi. Da na gaya masa jirgi kan yi gudu kwana ashirin sannan ya zo ya zauna mako biyu a bakin Legas, sai dariyar ta tsaya. Ya tambaye ni nawa ne litar gas yanzu. Na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya ce a zamaninsa da yaron mota ya bar inji yana aiki a layi ba dalili, a ranar zai tattara tabarmarsa.